"Monai" a Yahaya 14:2: gidan bene ne, ɗaki ne, ko zango?

Mai Bishara na Karkara:

Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Tambayata a kan Yahaya 14:2 ce, ayar nan da da wuya a tashi daga jana'izar mai bi ba a karanta ta ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya ce a gidan Uba akwai wurin zama da yawa. Amma idan mai wa'azi yana riƙe da tsohuwar fassarar Turanci ta King James, sai ya karanta "many mansions", tafinta kuma ya juya wa jama'a cewa kowane mai bi yana da katafaren gidan bene nasa na kansa a sama. Wasu sababbin fassarorin Turanci sun ce ɗakuna ne. Akwai kuma masu cewa asalin kalmar zango take nufi, inda matafiyi zai sauke kaya ya kwana, gari ya waye ya ɗaura ya yi gaba.

Gidan bene, ɗaki, zango: waɗannan uku ko hanya ba ta haɗa su ba. In gidan bene ne, ta yaya manyan gidaje za su shiga cikin gida guda? In kuwa zango ne, ashe ke nan mamaci bai iso ba tukuna, ga shi kuma muna ta'azantar da iyalinsa da cewa ya isa gida.

Ina roƙon waɗanda suka san Helenanci su faɗa mana wace kalma ce Yahaya ya rubuta, sau nawa ta zo a Sabon Alkawari, da kuma yadda mutumin da bai yi zurfi a makarantar tauhidi ba zai iya bincika irin wannan da kansa, ba sai ya dogara da ji-ta-ji-ta ba. Na gode.

Malamin Helenanci:

Salama, ɗan'uwa. Kalmar ita ce *monai*, jam'in *monē*. Ga jimlar yadda take: *en tē oikia tou patros mou monai pollai eisin*. In an bi ta kalma bayan kalma: "a cikin gidan Ubana, monai masu yawa suna nan."

A duk Sabon Alkawari sau biyu kacal kalmar ta zo, dukansu kuma a wannan sura ta 14. Na fari aya ta 2, a jam'i. Na biyu aya ta 23, a tilo, inda Yesu yake amsa wa Yahuza, ba Iskariyoti ba, cewa mai ƙaunarsa zai kiyaye maganarsa, Uba zai ƙaunace shi, "za mu zo wurinsa, mu yi *monē* a wurinsa." Ka riƙe wannan aya ta 23 da kyau, domin ita ce ma'aunin kowace fassara da aka kawo maka. Mai magana ɗaya ne, dare ɗaya, kalma ɗaya. Gwada gidan bene a ciki: Uba da Ɗa za su zo su gina bene a wurin mai bi? Bai zauna ba. Gwada zango: za su zo su kwana ɗaya su wuce? Wannan ya ci karo da aya ta 16, inda aka yi alkawarin Mai Taimako zai kasance tare da almajiran har abada. King James ɗin ma da kansa bai sa "mansion" a aya ta 23 ba, "abode" ya sa. Mai karatun Turanci ba zai taɓa gane kalma ɗaya ce ba.

Tushen *monē* shi ne aikatau *menō*, wato zauna, tsaya, dawwama, ƙi gusawa. A nan Bahaushe ya fi Bature sa'a, domin ginin kalmar irin namu ne. Muna da "zauna", daga gare ta muka sami "zama", wato aikin, da "mazauni", wato wurin. *Monē* ta haɗa biyun: wani lokaci zaman kansa take nufi, wani lokaci wurin da ake zaman. A tsohon Helenanci ma'anar "zama" ce ta fi yawa. Masanin tarihi Tusididis, da yake ba da labarin jarumin Sparta Fausaniyas da ya je ya share wuri a garin Kolonai, ya ce yana "yin *monē*" a can ba don alheri ba. Salon maganar, "yin monē", shi ne dai Yahaya ya yi amfani da shi a aya ta 23, kuma daidai yake da yadda muke cewa "ya yi zamansa". A fassarar Tsohon Alkawari ta Helenanci, wadda ake kira Septuwajinta, kalmar tana 1 Makabiyawa 7:38, littafin da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika. Firistoci ne suke addu'a a kan Nikano da rundunarsa, suna roƙon kada Allah ya ba su *monē*, wato kada su wanzu. Babu gini a nan ko kaɗan. Haka kuma kalmar da muke fassarawa da jimiri ko haƙuri, *hupomonē*, ita ce dai aka ɗora wa *hupo*, "ƙarƙashi": zama a ƙarƙashin nauyi ba tare da an gudu ba.

Abin da ya ba wannan tushe ƙarfi a nan shi ne Yahaya ya mallaki *menō* fiye da kowa. Ta zo wajen sau 118 a Sabon Alkawari, 40 daga ciki a Bisharar Yahaya, 24 a wasiƙarsa ta fari. Tambayar farko da almajirai suka yi wa Yesu a 1:38 da ita aka yi: "Malam, ina kake da zama?" A sura ta 14 tana aya ta 10 (Uba yana zaune cikin Ɗa), ta 17 (Ruhu yana zaune tare da almajirai) da ta 25. Ka shiga sura ta 15, misalin kurangar inabi, za ka ƙirga ta sau 10 tsakanin aya ta 4 da ta 10. Mai sauraron da ya ji *monai* a cikin wannan ruwan *menō* ba girman gini zai fara zuwa masa a rai ba.

Ayar da ta fi kowace haska 14:2 a ganina ita ce 8:35, domin ta haɗa kalmomin biyu: bawa ba ya zama (*menei*) a gida (*oikia*) har abada, ɗa ne ke zama har abada. *Oikia* tana nufin ginin, tana kuma nufin mutanen gidan, kamar a 4:53 inda bafaden nan ya ba da gaskiya shi da dukan gidansa. Mu ma haka muke yi da "gida". Saboda haka *monai pollai* a cikin *oikia* ta Uba wurin zama ne na 'yan gida, waɗanda ba a yi wa sallama da safe. Kalmar ba ta ce uffan ba a kan faɗin wurin ko adonsa. Sifa ɗaya aka ba ta, *pollai*, "da yawa".

Mai Tarihin Ikilisiya:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ina ganin bai yi wa masu cewa zango adalci ba. Ba daga iska suka tsinto ta ba, kuma manya ne suka faɗa.

Mu fara da yadda "mansions" ta shigo. Wajen shekara ta 383 Jerom ya gyara fassarar Latin ta Bisharu huɗu bisa umarnin Fafaroma Damasus. A Yahaya 14:2 Latin ɗin ya ce *mansiones multae*, a 14:23 kuma *mansionem*. Kalma ɗaya a wuri biyu, yadda Helenancin yake. *Mansio* daga *manere* take, "zauna", saboda haka fassarar ta yi daidai ƙwarai. William Tyndale, da ya fitar da Sabon Alkawari na Turanci a 1526, ya ɗauko kalmar yadda take, masu King James kuma suka bi shi a 1611. A Turancin wancan zamani ma'anarta wurin zama ne kawai. Daga *mansio* ɗin nan ne Faransanci ya sami *maison*, gida na kowa da kowa. Daga baya ne Turanci ya keɓe ta ga gidajen attajirai. Fassarar Janiba ta 1560 "dwelling places" ta sa. Ke nan ba masu fassara ne suka yi kuskure ba, harshen ne ya gusa ya bar kalmar a baya. Tafintan da ya ce "gidan bene" yana fassara Turancin yau ne a kan rubutun da ya haura shekara 400.

Sai zango. A daular Rum, *mansio* sunan hukuma ne na masaukin da ke kan manyan hanyoyi, tazarar tafiyar yini guda tsakanin ɗaya da ɗaya, inda jakadun gwamnati ke kwana. A tsakaninsu akwai ƙananan tashoshi, *mutatio*, inda ake sauya dawakai. Wani mai ziyarar ibada da ya tashi daga Bodo ta ƙasar Faransa ta yau zuwa Urushalima a shekara ta 333 ya bar jerin hanyarsa, yana rubuta kowane wuri ko birni ne, ko *mansio*, ko *mutatio*. A gabashin daular, inda ake jin Helenanci, an yi amfani da *monē* ga irin wannan masauki, ƙamusun tsohon Helenanci ma sun kawo wannan ma'ana a cikin ma'anoninta. Orijen, malamin Ikilisiya na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya ɗauki *monai* na Yahaya 14:2 a matsayin matakai da rai ke bi yana ƙaruwa da sani har ya kai ga Allah. Fassarar Suriyanci ta sa *awana*, masauki. Fassarar Larabci ta Van Dyck, ta 1865, ta ce *manazilu kathira*, kuma *manzil* daga *nazala* take, "sauka", ginin da ya yi daidai da namu na "sauka" da "masauki". A Ingila, malamin Littafi Mai Tsarki Westcott a ƙarni na 19 da Akbishop William Temple a ƙarni na 20 duk sun karkata ga wannan fahimta ta wuraren hutawa a kan hanya.

Akwai kuma wata fahimta da ta fi waɗannan tsufa, ta darajoji. Ireniyus, bishop na Liyon, wajen shekara ta 180, ya ruwaito daga dattawan da suka gabace shi cewa *monai* sun bambanta kamar irin nan da ya ba da riɓi 100, 60 da 30: wasu a sama, wasu a Firdausi, wasu a birnin. Agustin, bishop na Hifo, ya haɗa misalin ma'aikatan gonar inabi na Matiyu 20 da 1 Korantiyawa 15:41, ya ce dinarin ɗaya ne ga kowa, wato rai madawwami, amma wuraren zaman sun bambanta kamar yadda tauraro ya fi tauraro haske. Ban ce dole a bi su ba. Amma wanda zai ƙi ra'ayin Orijen, mutumin da Helenanci ne harshen da ya yi rubutu da koyarwa da shi, ya kamata ya zo da hujja mai ƙwari.

Malamin Helenanci:

Gaskiyarka, Malam, kuma na ji daɗin tarihin *mansio*. Ban musa cewa *monē* tana iya nufin zango ba. Abin tambaya shi ne ko Yahaya haka yake nufi. Kalmar "gari" tana cikin ƙamus da ma'anar birni da ta yanayin sama, amma wanda ya ce "gari ya waye" ba Kano yake nufi ba.

Ga hujjar. Duba Littafin Ƙidaya 33, jerin zango 42 na Isra'ilawa daga Masar zuwa bakin Urdun. In akwai inda ake bukatar kalmar zango a Littafi Mai Tsarki, nan ne. Latin ya buɗe surar da *mansiones*, har Jerom ya rubuta doguwar wasiƙa a kan waɗannan *mansiones* 42. Amma Septuwajinta ba *monai* ta sa ba, *stathmoi* ta sa. Ke nan Helenanci yana da kalmarsa ta zango dabam, Latin ne ya zuba biyun a ƙwarya ɗaya. Mai karanta Latin da ya saba da Littafin Ƙidaya 33, in ya iso Yahaya 14, ayari zai gani. In masaukin baƙi ake so, Luka yana da *kataluma* (2:7 da 22:11) da *pandokeion*, inda Basamariyen nan ya kai mai rauni (10:34). In ɗaki ake so, akwai *tameion*, ɗakin ciki da ake rufe ƙofa a yi addu'a (Matiyu 6:6). In fada ake so, Yahaya da kansa ya san *praitōrion* na Bilatus da *aulē* ta babban firist a sura ta 18. Duk ya bar su.

Sai kuma aya ta 3, wadda ta faɗi ƙarshen tafiyar: "zan karɓe ku zuwa wurina, domin inda nake ku ma ku kasance." Babu wani mataki a gaba da wannan. Ra'ayin Orijen ya fito ne daga tsarin tauhidinsa na rai mai hawa daki-daki, shi ya zo wa ayar da shi. Na darajoji kuma, ko da akwai wasu ayoyi da ke maganar lada, *pollai* yawa take nufi. In bambancin iri ake so a faɗa, akwai *poikilos* da *diaphoros*. A tuna da halin da ake ciki a daren: a 13:33 Yesu ya ce inda za shi ba za su iya zuwa ba, a 13:38 ya faɗa wa Bitrus zai yi musunsa sau uku kafin zakara ya yi cara, sai 14:1 ta ce kada zuciyarsu ta ɓaci. Mutanen da ke cikin wannan hali tsoronsu kada a bar su a waje ne. Amsar da ta dace da wannan tsoro ita ce wuri ya wadata.

Tun da an taɓo sauran kalmomi, a kula kada a cakuɗa *monē* da dangin *skēnē*, alfarwa. Su ne ke ɗauke da ma'anar zama irin na tanti. A Yahaya 1:14 Kalman ya zama mutum, ya *eskēnōsen* a cikinmu, ya kafa alfarwa, abin da ke tuna wa mai karatu *mishkan*, alfarwar sujada ta Isra'ilawa a jeji, da ɗaukakar da ta cika ta a Fitowa 40. Wannan aikatau sau biyar ya zo, ɗaya a nan, huɗu a Wahayin Yahaya (7:15, 12:12, 13:6, 21:3). Bulus a 2 Korantiyawa 5 ya kira jikinmu na yanzu *skēnos*, tanti da ake warwarewa, na sama kuma *oikētērion*, kalmar da ba ta sake zuwa ba sai a Yahuza 6. Wannan nassi zancen jiki yake yi, ba amsar Yahaya 14:2 ba ce, ko da yake a wa'azin jana'iza an saba jera su tare.

Wata Malamar Makarantar Littafi Mai Tsarki:

Gaisuwa ga malamai. Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, shi ne "gidan Ubana". Wannan furuci sau ɗaya ya riga ya zo a Yahaya, a 2:16, ranar da Yesu ya kori 'yan kasuwa, kuma Haikali yake nufi. A can *oikos* aka sa, a nan *oikia*, amma a Helenancin zamanin Sabon Alkawari kalmomin biyu sun riga sun shiga juna sosai, kada a gina koyarwa a kan bambancinsu. Haikalin Sulemanu yana da ɗakuna kewaye da shi hawa uku, faɗin na ƙasa kamu 5, na tsakiya 6, na sama 7 (1 Sarakuna 6:5-6). A wahayin Ezekiyel 41:6 ɗakuna 30 ne a kowane hawa. Bayahuden da ya ji "gidan Ubana mai wuraren zama da yawa" yana iya tuna wannan, da Zabura 23:6 da 27:4, zama a gidan Ubangiji dukan kwanaki. Sa'an nan a 2:21 Yahaya ya ce Haikalin da Yesu yake nufi jikinsa ne. Wannan ya sa malamai da yawa suke ganin *monē* ta aya ta 2 da ta aya ta 23 fuska biyu ce ta abu ɗaya: a ta 2 mai bi ne ke samun wurin zama gun Uba, a ta 23 Uba da Ɗa ne ke yin zamansu gun mai bi, tun yanzu.

Wani abu kuma da ake yawan ji a mimbari shi ne wai al'adar ango ce, yakan koma gidan ubansa ya gina ɗaki kafin ya zo ɗaukar amarya. Gaskiya ne a Galili iyalai suna zama a gidaje masu ɗakuna kewaye da tsakar gida. Haƙar da Faransiskawa, wata ƙungiyar limaman Katolika, suka fara a Kafarnahum a 1968 ta fito da irinsu, na baƙin dutse. Amma sura ta 14 ba ta ambaci ango ko amarya ba. In za a kawo shi, a kawo shi a matsayin misali, kada a ce ma'anar kalmar ke nan.

Mai Bishara na Karkara:

Madalla, iyayena, Allah ya ƙara basira. Na fahimci gidan bene ya faɗi, zango kuma bai tsaya da ƙafarsa ba. Saura tambayoyi biyu. Wace kalmar Hausa ce ta fi dacewa in ana bayani ga jama'a? Sa'an nan me ya sa wasu fassarori suka mai da rabin ayar na biyu tambaya, "da na faɗa muku zan tafi in shirya muku wuri?", wasu kuma suka bar shi magana kai tsaye? Kada a manta da roƙona na yadda zan bincika da kaina.

Malamin Helenanci:

Batun tambaya ko magana, ƙaramar kalma ce ta jawo shi, *hoti*. Tsofaffin kwafin hannu na ƙarni na 4, wato na Sina'i da na Batikan, suna da ita kafin "zan tafi". Rubutun Helenanci da masu King James suka yi aiki da shi ba shi da ita. *Hoti* tana iya zama "cewa", tana iya zama "domin". In "cewa" ce, jimlar ta zama tambaya: in ba haka ba ne, da na faɗa muku cewa zan tafi in shirya muku wuri? In "domin" ce, sai ta zama: in ba haka ba ne da na faɗa muku, domin zan tafi in shirya muku wuri. Tsofaffin kwafin ba su da alamar tambaya, ba sa ma raba kalmomi, saboda haka mai fassara ne ke zaɓa. Wahalar ta farkon ita ce babu inda Yahaya ya rubuta cewa Yesu ya riga ya faɗi wannan magana da waɗannan kalmomi, sai dai a jingina da 12:26. Ko wanne aka bi, ma'anar *monai* ba ta motsa ba.

Yadda za ka bincika: nemi Sabon Alkawari mai layin Helenanci da fassara a ƙarƙashinsa, akwai su kyauta a intanet da manhajojin waya. Kowace kalma tana da lamba daga jerin James Strong na 1890. *Monē* ita ce 3438, *menō* 3306. Danna lambar ka ga duk ayoyin da kalmar ta zo, ka karanta kowace da ayoyi biyar kafinta da biyar bayanta. Fara da marubucin da kake nazari, sa'an nan sauran Sabon Alkawari, sa'an nan Septuwajinta. Ƙamus shi ne na ƙarshe.

Ga inda ake faɗawa rami. Na ɗaya, a kwashe duk ma'anonin da ƙamus ya jera a zuba wa aya guda. Jerin Strong ma yana nuna yadda King James ya fassara kalmar ne, shi ya sa za ka ga "mansion" a ciki ka zaci Helenanci ne ya faɗa. Na biyu, a ɗauko ma'anar da ta zo daga baya. A Girka ta yau *moni* gidan sufayen Kirista ne, haka ake kiran gidajen ibada 20 na dutsen Atos, amma wannan ya biyo bayan Yahaya da ɗaruruwan shekaru. Na uku ya fi kama masu koyo: akwai wata *monē* dabam, ta macen *monos*, "kaɗai", lamba 3441. A Luka 10:40 Marta ta yi ƙarar 'yar'uwarta ta bar ta *monēn*, ita kaɗai, da hidima. Haruffan daidai suke da na Yahaya 14:23, bambancin a karin sauti yake: ta Luka nauyinta a gaɓar farko, ta Yahaya a ta ƙarshe, kamar "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala a namu harshe. Wanda bai lura ba shi ne zai tashi ya ce kowa zai zauna shi kaɗai a sama.

A Hausa kuwa, "wurin zama" da fassararmu ta sa ta yi daidai, ta ma fi yawancin na Turanci kusa da asali, domin ta riƙe "zama". "Masauki" na baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne. "Zango" na ayari ne. "Ɗaki" ba laifi, sai dai a birni kunne yakan kai shi ga ɗakin haya. In kana neman misalin da jama'a za su gani da ido, ɗauki babban gida na gandu: zaure ɗaya, mai gida ɗaya, kowane ɗa da sashensa, in an ƙaru a ja katanga. Wannan ya amsa tambayarka ta gidaje a cikin gida, amma ka faɗa musu misali ne. "Mazauni" ita ce ta fi kowace kama da ginin kalmar, sai dai kada ka kuskura ka yi jam'inta a gaban jama'a, ka san abin da "mazaunai" ke nufi a bakin mutane, yara za su fashe da dariya a tsakiyar jana'iza. Ka ce "wuraren zama". In za ka karanta aya ta 2, haɗa da ta 23, ka juya ta da "mu yi zamanmu a wurinsa" don kunne ya ji kalmar ta dawo. In kuma baƙon mai wa'azi zai yi amfani da King James, ka ja tafinta gefe kafin a fara sujada, ka nuna masa ayar a Littafi Mai Tsarki na Hausa, ka ce daga nan zai karanta.